SHIN AN GANO JAHANNAMA A SARARIN SAMANIYA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, tambaya ɗaya ta yi ta maimaituwa a 'yan kwanakin nan, duk da lafazin masu tambayar ya sha bamban. Hotuna ne ake yaɗawa na wata duniya mai launin garwashi, ga duwatsu masu aman wuta, ga kwaruruka na narkakken dutse, sai a rubuta a ƙasa cewa masana kimiyya sun gano Jahannama, wanda duk ya tura wa mutum goma zai ga alheri. Wasu sun tura suna kabbara. Wasu kuma sun ce duk ƙaryar Turawa ce, a kwamfuta aka zana, babu wanda ya taɓa aika komai sama. Ni kam ban tare da ɓangare ko ɗaya, kuma ina roƙon ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa kafin a fara jifa a wajen sharhi.

Mu fara da abin da aka gani tukuna, don hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, kamar yadda malaman usulu suke koya mana.

A watan Nuwamba na 1971 wani kumbo na Amurka mai suna Mariner 9 ya isa duniyar Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrikh. Shi ne kumbo na farko da ya shiga kewaya wata duniya da ba tamu ba. Da ya isa sai ya tarar da guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar baki ɗayanta, irin ƙurar da hazon hunturunmu ba komai ba ne a kanta. Hotunan farko ba su nuna komai ba sai ɗigo huɗu masu duhu da suka leƙo ta saman ƙurar. Da ƙura ta lafa sai aka ga ashe kawunan duwatsu ne, tsayinsu ya sa ƙurar ta kasa rufe su, kuma kowanne da wawakeken rami a ƙoƙuwarsa, alamar dutsen da ya taɓa aman wuta.

Mafi girmansu shi ne wanda suka sa wa suna Olympus Mons. Tsayinsa ya haura kilomita 21. Dutsen Everest, wanda babu kamarsa a bayan ƙasarmu, bai cika kilomita 9 ba daga matakin teku. Ke nan ka ɗora Everest biyu da kusan rabi kafin ka kamo shi. Faɗinsa kuwa wajen kilomita 600 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Maiduguri, dutse guda fa! Ramin da ke kansa kaɗai ya kai wajen kilomita 80 a tsawo, zurfinsa wajen kilomita 3. A wasu gefunan gindinsa akwai gangare a miƙe kamar katanga, mai tsayin kilomita 6 ko fiye. Subhanallah.

Kafin wani ya ce ai duk maganar Amurka ce, to ƙasashen Turai na da nasu kumbon da yake kewaya Mars tun ƙarshen 2003. Indiya ta aika nata ya isa a 2014. Sin ta aika. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta aika nata mai suna Amal, ya isa ranar 9 ga Fabrairu 2021, kuma hoton farko da ya turo ya nuna wannan dutse daidai lokacin da hasken safiya ke fara taɓa shi, ga sauran ukun a jere. Ƙasashen da ba sa ga maciji da juna a siyasa, me zai haɗa su a kan ƙarya ɗaya shekara hamsin? Musulmi ba ya ƙaryata labari don kawai wanda ya kawo shi ba ya sallah. Abin da Suratul Hujurat ta umarce mu da shi game da labarin wanda ba a amince da shi ba shi ne bincike. Bincike daban, toshe kunne daban.

Wani zai ce, Malam, sunayen nan fa na gumaka ne. Haka ne. Olympus a tatsuniyar Girkawa shi ne mazaunin allolinsu na ƙarya, wasu duwatsun kuma an ba su sunayen gumakan Masarawan dauri da na wasu al'ummu. Ambaton suna don a gane abin da ake magana a kai ba girmamawa ba ne, Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da sunayensu. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne wanda ya riga zuwa shi yake raɗa suna, mu kuma muna ina?

To me ya sa dutsen ya yi irin wannan girma? A nan nake so mu ɗan zauna, don a nan na ga abin da ya fi taɓa ni.

Masana ilimin ƙasa sun ce ɓawon duniyarmu a tsage yake gida-gida, kuma kowane yanki yana motsi a hankali, a shekara guda bai kai taƙi ɗaya ba. Idan akwai wani wuri a can ƙasa da narkakken dutse ke ɓullowa, sai ya gina dutse a samansa, amma kafin dutsen ya yi nisa ɓawon ya gusa da shi, sai a fara sabon gini a gefe. Haka tsibiran Hawai suka samu a tekun Fasifik, duwatsu da yawa a jere kamar carbi. A Mars kuwa ɓawon ba ya gusawa. Mafitar wutar tana wuri ɗaya, abin da ke samanta yana wuri ɗaya, sai narkakken dutse ya kwarara ya daskare, wani ya sake hawa kansa ya daskare, shimfiɗa a kan shimfiɗa, tsawon miliyoyin shekaru a ƙiyasinsu. Ga kuma nauyin abu a can bai kai rabin nauyinsa a nan ba, don haka ginin yana iya yin sama sosai bai rushe ba.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Dutsen nan ba shi da tsini irin na duwatsun da muka sani. Hawansa a kwance yake, ka yi tafiyar mita ɗari ka ƙaru da wajen mita biyar kacal. Saboda faɗinsa, da za a ajiye mutum a jikinsa, ba zai hango ƙoƙuwarsa ba, ba zai ma san a kan dutse yake ba. Zai ɗauka fili ne mai ɗan tudu. Sai wanda ya kalle shi daga sama ne yake ganin girmansa.

Ɗan uwa, wallahi haka zunubi yake. Babu wanda ya kwana salihi ya tashi da dutsen zunubi a kansa. Shimfiɗa ce a kan shimfiɗa. Yau ka rage ɗan abu a mudu, gobe ka jinkirta La'asar saboda ciniki, jibi ka ɗan taɓa naman wani a hira, gata ka riƙe kuɗin lebura ka ce sai wani mako. Kowanne idan ka dube shi shi kaɗai, siriri ne. Kuma kana tsaye a kai, kana waiwayawa, kana ganin fili. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya gargaɗe mu game da zunuban da ake rainawa, ya buga misali da matafiya da suka sauka a wani kwari, wannan ya kawo ɗan itace wancan ya kawo, har suka tara abin da ya gasa musu abinci. Imam Ahmad ya ruwaito shi. Mu da muke tafiya a jikin namu dutsen ba ma ganin tsayinsa. Amma akwai masu rubutu a dama da hagu, kuma akwai ranar da za a ɗaga mutum a nuna masa abin daga sama, gaba ɗayansa, a littafin da ba ya barin ƙarami ko babba, kamar yadda Suratul Kahfi ta siffanta.

Kada kuma wannan ya karya maka zuciya, don ma'aunin yana aiki ta ɗaya ɓangaren. Baiwar Allah da take karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan Asuba shekara ashirin, ita ma ba ta ganin abin da ta gina. Mai sayar da kayan miya da yake cire naira ɗari kullum don marayun maƙwabcinsa, shi ma fili yake gani. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kuma ku lura, abin da ya sa wancan dutsen ya fi na Hawai shi ne zama wuri ɗaya. Ina faɗa wa ɗalibanmu wannan: mai fara Ahalari yau, gobe ya bar shi ya koma Bulugul Marami, jibi ya ji wani sabon malami a TikTok ya koma can, ƙananan tsibirai zai tara, ba zai gina dutse ba.

Kada a ce Malam ya ce dutsen Mars tafsirin hadisi ne. A'a. Misali nake bugawa, irin yadda ake buga misali da gona ko kasuwa.

Yanzu mu zo kan ainihin wadda ake cewa Jahannama ce. Yawancin hotunan nan na duniyar Zahra ne, wadda Turawa ke kira Venus. Kun san ta sarai. Ita ce tauraruwar nan mai tsananin haske da ake gani wani lokaci bayan Magariba ta yamma, wadda iyayenmu ke ce wa Zara matar wata, wani lokacin kuma kafin fitowar rana ta gabas, a kira ta Gamzaki. Girmanta ya kusa na duniyarmu. Gajimare mai kauri ya rufe ta ruf, ido ba ya ratsa shi, kuma gajimaren na sinadarin nan ne da ke cikin ruwan batir. Don haka sai da aka yi amfani da na'urar rada, wadda ke aika saƙo ya ratsa gajimare ya bugi ƙasa ya dawo. Kumbon Magellan ya kewaya ta daga 1990 zuwa 1994, ya zana taswirar kusan kashi 98 cikin ɗari na bayanta.

Abin da ya fito: mafi yawan ƙasarta daskararren aman dutse ne. A 2023 wasu masana suka ƙirga duwatsu masu aman wuta fiye da 85,000 a cikin waɗannan hotuna. Akwai wasu masu siffar waina, zagayayyu masu shafaffen kai, faɗin ɗaya ya kai kilomita 25. Akwai wata magudana da narkakken dutse ya haƙa, tsawonta wajen kilomita 6,800, ta fi kogin Nilu. A wannan shekarar dai aka sake duba hotuna biyu na dutsen Maat Mons, ɗaya na Fabrairu 1991 ɗaya na Oktoba, aka ga wani bakin dutsen ya canja siffa ya kusa ninka girmansa cikin wata takwas, alamar har yanzu wutar tana da rai. Zafin ƙasarta wajen digiri 465 ne, dare da rana, alhali darma tana narkewa tun a 327. Nauyin iskarta ya ninka tamu sau 90 da ɗoriya. Kumbon Tarayyar Sobiyet da ya sauka a kanta a 1982 ya yi aiki minti 127, sannan ya yi shiru.

Ga wani abu da masu yaɗa hoton ba su sani ba. Rada ba ta ɗauko launi. Wannan jan lemo da ke sa hoton ya yi kama da garwashi, masu haɗa taswirar ne suka shafa shi, suka kwaikwayi launin hasken da kumbunan Sobiyet suka ɗauko a ƙasanta. Wato abin da ya tsorata ka a hoton, fenti ne.

To ita ce Jahannama? Ba ita ba ce, kuma bai halatta ka ce ita ce ba. Wuta da Aljanna gaibu ne. Mun yi imani an riga an halicce su, suna nan, amma inda suke da yadda suke ba a saninsa da madubin hangen nesa, sai da nassi. Wanda ya nuna wani wuri ya ce nan ce Jahannama ba tare da aya ko hadisi ingantacce ba, ya faɗi abin da bai sani ba a kan Allah, kuma Suratul A'araf ta jera wannan cikin manyan abubuwan da aka haramta, tare da shirka. Sannan ka rage wa Wutar daraja ba ka sani ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wutar da muke hurawa kashi ɗaya ce cikin saba'in na wutar Jahannama. Zahra kuwa, duk da zafinta, ba ta kai zafin wutar maƙerin unguwarku ba lokacin da yake zuga ƙarfe ya yi ja. Wurin da kumbon ƙarfe ya yi awa biyu yana ɗaukar hoto shi za ka kira makomar Fir'auna?

Irin wannan ba yau aka fara ba. An yi ta yawo da wani sauti wai ihun 'yan wuta ne da aka naɗo a wata rijiya mai zurfi a Rasha, ƙarya ce, kuma ba ma a cikin Musulmi aka ƙirƙiro ta ba. An ce Neil Armstrong ya ji kiran sallah a wata ya musulunta, mutumin ya musanta tun yana raye. Ana nuna hoton wani kwari a jikin wata a ce ga tabon tsagewarsa, alhali kwarin tsawonsa wajen kilomita 300 ne kawai, kuma irinsa da yawa a can. Mu mun yi imani wata ya tsage a zamanin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam saboda Suratul Ƙamar da hadisai ingantattu, ba mu jiran hoton kowa. Haɗarin da nake jin tsoro shi ne yaron da aka gina imaninsa a kan waɗannan labarai. Ranar da ya shiga jami'a ya gano hoton fenti ne, sautin haɗi ne, sai ya fara tambayar kansa, to me kuma aka faɗa mini da ba gaskiya ba? Mun ga irin waɗannan yara, kuma mafi yawansu ba littattafan mulhidai ne suka fara girgiza su ba, saƙonnin da iyayensu suka tura da kyakkyawar niyya ne.

Wanda yake son aya ta gaskiya a kan wuta mai fita daga ƙasa, ba sai ya je Zahra ba. Ya dubi Madina. Idan ka kalli hoton Hijaz daga tauraron ɗan'adam za ka ga manyan baƙaƙen tabo, su ne Larabawa ke kira harra, filayen baƙin dutse da aman wuta ya bari. Da wannan alama aka nuna wa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam gidan hijirarsa, ƙasa mai dabino tsakanin harra biyu. Kuma ya ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa kafin tashin Alƙiyama wata wuta za ta fito daga ƙasar Hijaz wadda haskenta zai kai har Busra ta ƙasar Sham, a ga wuyan raƙuma da shi.

A watan Jimada Sani na shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, girgizar ƙasa ta yi ta kaɗa Madina kwanaki a jere, sannan ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin birnin, wuta ta fito. Ta yi wajen kwana 52. Narkakken dutse ya yi tafiyar kilomita 23, ya nufo gari, sannan ya tsaya bai shiga ba. Imam Nawawi da Imam Ƙurɗubi suna raye a lokacin, kuma duk sun ambace ta. Ibn Kasir ya kawo labarin da faɗi a tarihinsa, har da na mutanen ƙauye da suka ce sun ga wuyan raƙumansu da haskenta a yankin Busra. Wannan ita ce mu'ujizar da ke da isnadi, kuma masana ƙasa na yau suna zuwa su auna wannan daskararren dutse da hannunsu. Malamai irin su Ibn Hajar sun bambance ta da ɗaya wutar da za ta kora mutane zuwa matattara a ƙarshen zamani.

Amma ku dubi abin da mutanen Madina suka yi. Sun taru a masallacin Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam, maza da mata da yara, suna kuka suna istigfari. Alƙalin gari ya je ya sami sarki ya yi masa wa'azi, sarkin ya 'yanta bayinsa, ya mayar wa mutane dukiyoyinsu da aka ƙwace. Ka ji fa. Sun ga wuta, sai suka mayar da haƙƙin mutane. Mu kuma mun ga hoton wuta, sai muka tura wa mutum goma, bashin da ke kanmu yana nan, gadon ƙannenmu mata da muka danne yana nan.

A Suratu Faɗir Allah Ya ja hankalinmu ga duwatsu da launukansu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, kuma a ayar da ke biye Ya bayyana cewa masu ilimi su ne masu tsoronSa a cikin bayinSa. Ban ce ayar tana nufin Mars ba, kada a ɗora mini. Na ce dai kallon dutse da idon ilimi hanya ce da Alƙur'ani ya buɗe zuwa ga tsoron Allah. Akwai wani wata da ke kewaya duniyar Mushtari, sunansa Io, girmansa kusan na watanmu, yana da duwatsu masu aman wuta wajen 400 da ke aiki yanzu haka, fuskarsa rawaya da ja saboda farar wuta, wasu suna feshi sama har kilomita 300. Sai a watan Maris na 1979 aka fara ganin haka, lokacin da wata ma'aikaciya mai lissafin hanyar kumbon Voyager ta lura da wani abu kamar laima a gefen hoton. Kafin wannan rana, tun zamanin Annabi Adamu da gabaninsa, wa yake kallo? Babu ɗan'adam ko ɗaya. Mulkin Allah bai taɓa jiran 'yan kallo ba, mu ne idan muka ba da buhun shinkafa sai mun kira mai kyamara.

Saura magana ɗaya ga iyaye. Idan yaronka ya ce yana son karanta ilimin duwatsu ko na taurari, kada ka ce masa ɓata lokaci ne ko hanyar kafirci. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta a Kamaru, nan kusa da iyakarmu, ya saki iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta gangara ƙauyuka, mutane fiye da 1,700 suka mutu, da yawansu a cikin barci, tare da dubban shanu, kuma akwai Fulani makiyaya a cikinsu. Daga 2001 masana suka fara dasa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. A 2009 da ƙasa ta yi ta girgiza a yankin Al-Is, arewa maso yammacin Madina, masu wannan ilimin ne suka gane narkakken dutse ne ke yunƙurin tasowa, aka kwashe dubban mutane. A tsaunukan Biyu da na Filato ma akwai tsofaffin bakunan aman wuta. Ilimin da ake kare rayuka da shi, idan babu mai yinsa a cikin al'umma, laifin yana hawa kan kowa, wannan shi ne farali na kifaya.

Wanda ya riga ya tura wancan saƙo, ya koma inda ya tura ya rubuta cewa ba haka ba ne, ba abin kunya a ciki. Allah Ya tsare mu da iyayenmu daga Wutar gaskiya, wadda ba a ɗauki hotonta ba.

Wallahu a'alam.